Margar Lambun Baba

Sai da na je Japan sannan na gane cewa zaman da Babanmu yake yi a gindin marga ba rashin aikin yi ba ne. Kafin nan kuwa, Allah ya yafe mini, har kunyar abin nake ji.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, gidanmu yana Ƙofar Atiku. Yana da lambu a fadamar Kwalkwalawa, a tsakiyarsa akwai tsohuwar marga guda ɗaya da ya tarar a wurin ya ƙi sarewa. Duk shekara idan sanyi ya wuce, zafi ya fara leƙowa, sai ta zubar da ganye ta saki fure ruwan ɗorawa, zara-zara, yana reto ƙasa. Sati biyu ne ko uku, ya kakkaɓe. A cikin kwanakin nan Baba zai zaɓi rana guda ya rufe rumfa, ya ɗauki tabarma da fura, ya ɗauki mahaifiyarmu Inna, su je su zauna a ƙarƙashinta tun hantsi har la'asar. Ba ciyawa za su cire ba, ba ban ruwa za su yi ba, zama kawai. Abokansa na kasuwa suna ce masa mai gadin fure, shi kuma ya yi ta dariya. Bayan rasuwar Inna ma bai fasa zuwa ba, sai da gwiwa ta hana shi. Nan ne ya danƙa mini lambun, tunda ni na yi karatun gona.

Na karɓa ina ji da kaina. Zagaye ɗaya na yi na ga inuwar margar ta cinye wurin da zai ɗauki albasa mai yawa. Na kira dattijon da ke kula da lambun, na ce ya sare ta daidai ƙirji kafin a yi dashe. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Alhaji ya sani?" ya tambaye ni.

"Alhaji ne malamin gona ko ni?"

Ina da saurin hawa, duk gidanmu an sani. Mutumin ya je ya ɗauko gatari. Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina, mutumin da ya shekara biyu bai taka fadama ba, me zai kai shi yanzu?

Bayan 'yan watanni ofis ya tura ni Japan kwas ɗin noman rani. Ranar Asabar ta ƙarshe aka ce za a kai mu wani lambu. Sanyi ya ishe ni, na tafi ina ƙunƙuni, ni da na baro lambu a gida za a nuna wa lambu? Da muka shiga kuwa babu ko tushen alayyafo. Itatuwa ne jere, babu ganye, rassansu sun sunkuyo har suna neman taɓa ƙasa, fure ya lulluɓe su, wani fari wani ruwan hoda. An gaya mana sunansu da yarensu, kafin mu fita na manta. Jama'a sun cika wurin maƙil amma ba ka jin hayaniya, kowa ya zo ne ya kalla kafin furen ya zube.

A can ƙarshen lambun akwai wata tsohuwar bishiya da ta tsufa har aka tokare mata rassa da sanduna, aka naɗa igiya a inda sandar ta taɓa ta don kada ta ji mata ciwo. Wani tsoho da matarsa suna zaune a gabanta a kan benci. Fure ya faɗo masa a hula, matar ta sa yatsa ta ture. Wallahi shayin da ke hannuna kasa sha na yi. Baba da Inna na gani, sak, sai kuma na tuna gatarin nan.

Duk da haka na ɗauki hotuna, kuma don tsabar wauta ina dawowa na kai wa Baba su gani. Ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana kallon tsohuwar bishiyar.

"Wanga icce, wa ya yi mishi sanda?"

Na yi masa bayani.

"Mutanen kirki na," ya ce. "Ashe ba ni ɗai ka gadin hure ba. Yanzu haka margata ta saki. Ka taho Juma'a ka kai ni in gani."

Na ce to.

Juma'ar farko na ce mota tana wurin makanike. Ta biyu na ce an tsare mu da aiki a ofis. Ta uku na ce zafi ya yi yawa, ba zan fita da shi rana ta buge shi ba. Lissafina shi ne in ja shi har lokacin furen ya wuce, sai in ce ai bana mun makara, sai baɗi. Duk ƙaryar da na shirga, "To, Allah ya kai mu" kawai yake cewa.

Washegarin Juma'a ta uku ƙanwata ta bugo mini waya, ta ce Baba ya aika a nemo masa keke mai ƙafa uku, zai tafi fadama da kansa. Daga gidana a Arkilla zuwa Ƙofar Atiku ban san yadda na tuƙa motar ba. Na same shi a zaure da farar riga, tabarma a naɗe, fura a gefe. Na hau faɗa, ina maganar gwiwa, ina maganar rana, ina cewa so ake a ce ban kula da ubana ba. Ya bar ni na yi har na gaji.

"Ka ƙare? To ɗauki tabarma."

A hanya sau uku ina buɗe baki ina rufewa. Da muka isa, mai kula da lambun yana hango mu ya juya ya nufi wajen injin ban ruwa. Na riƙo Baba muka bi tsakanin fangalin albasa a hankali. Albasar kam ta yi kyau, ban taɓa samun irinta ba, kuma ban taɓa tsanar abin da na shuka kamar ranar ba. Ga kututture nan tsaye, iya ƙirjina, ya fitar da 'yan toho kore a gefe.

Baba ya dafa kafaɗata ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in shimfiɗa tabarma. Na shimfiɗa a tsakiyar rana, don babu sauran inuwa.

"Baba, ni na sa aka sare ta," na ce.

"Na sani."

Na ɗago na dube shi.

"Kai malamin gona, ba ka san duk iccen da anka sare lambu gidan mai lambu aka kai shi ba? Ranar da anka sare ta anka kawo min ita a amalanke. Da ita anka ɗuma min ruwan alwala duk sanyin ga." Ya juyo ya dube ni. "Na ɗauka za ka zo ka hwaɗa min."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Na tambaye shi, to tunda ya sani, me ya sa ya matsa sai an kawo shi? Ya ce so yake ya ga ko ta yi toho. Ya miƙa hannu ya shafa ganyen, sannan ya tambaye ni shekara nawa za ta yi kafin ta sake fure. Na ce uku, ko huɗu. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Ya sha furarsa ya miƙo mini saura, muka zauna a ranar nan har sai da gumi ya jiƙa masa riga.

Bai kai ba. A damina ta biyu bayan nan ya rasu.

Saran margar yana damuna, amma Juma'o'in nan uku sun fi ci mini rai. Tsoho yana zaune a zaure da tabarma a naɗe, ya san komai, yana ba ni dama mako bayan mako in zo in faɗi gaskiya, ni kuma ina can ina ƙirƙiro makanike.

Bana ta yi fure. Kaɗan ne, reshe biyu, sauran duk ganye. Mai kula da lambun ya bugo mini waya ya gaya mini, na ajiye aikin ofis na tafi da tabarmar Baba. Da dattijon zai wuce ya tsaya ya ce rassan sun fara yi wa albasa inuwa kuma, ko a rage su? Na ce ya bar su, idan sun yi nauyi ma a nemo sanduna a tokare. Ya dube ni, ya koma bakin aikinsa.

Na zauna a gefe ɗaya na tabarmar har la'asar. Furar da na kai, haka na dawo da ita gida.