Lemon 'Yan Dubiya

Shekarar da ciwon suga ya fara taɓa idon Baba, na bar ɗakina a Jega na koma gida Birnin Malam da zama, don Inna ta riga mu gidan gaskiya, babu mai tsaya masa a kan abinci. Likita ya yi mini bayani a gabansa, bai ɓoye komai ba: ido yana tafiya, kuma bayan magani, abin da zai riƙe shi shi ne abin da ke shiga baki. A bar lemon kwalba, a bar madarar gwangwani mai zaƙi da biredi da biskit. A koma ga wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi ya yi fari tas ba. Na ce a raina, ai wannan abin da ke rumbunmu ne, magana ta ƙare.

Ashe ban san da wa nake yi ba. Baba malamin allo ne, ɗalibansa sun girma sun watsu ko'ina, daga Aliero har Maiyama. Da labari ya bazu cewa Malam ba lafiya, sai zaure ya cika da 'yan dubiya. A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma ba a kai wa mutum abin da yake da shi a gida. Wa zai ɗauki tiyar gero ya kai wa mai rumbu? Sai a ce ya raina shi. Abin girmamawa shi ne na kanti, musamman baƙin lemon nan da ake haɗawa da madara, wai yana ƙara jini. 'Yan albasar Aliero kuwa, da kaka ta yi musu kyau, katan-katan suke saukewa.

Ni ina madafi ina fama da hayaƙi. In yi dambun gero da zogale, in yanka albasa, in barbaɗa ƙuli, in aika zaure. Kwano ya dawo an ɗan taɓa gefe ɗaya. Da na shiga shara sai in tarar da kwalabe a bayan buzunsa, babu komai a ciki.

"Baba, mi likita yac ce?"

"Na jiya, ɗiyata," in ji shi. "Amma mutum ya taso tun daga Jiga Makera, ya ɗauko abu da hannunai, in ce mai ba ni sha? Kurɓi guda na, don shi samu lada."

Kurɓi guda daga hannun kowane baƙo, a gidan da baƙi ba sa yankewa. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Mutumin da bai taɓa wuni bai buɗe Alƙur'ani ba, ga shi yana kai takarda har bakin hanci.

Wata Juma'a wani alhaji, tsohon ɗalibinsa mai fataucin albasa, ya sa aka shigo da katan. Ni dai bakina ba ya da linzami, kowa ya sani. Na tsaya a bayan ƙofar zaure na gaishe shi, sannan na ce, "Alhaji, don Allah a koma da shi. Wanga abu shi ka kashe mai ido. In lada aka so, a kawo wake."

Alhaji ya yi dariyar yaƙe ya ce ai bai sani ba. Baba kuwa ya yi kwanaki ba ya amsa mini sai gaisuwa. Da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne, "Kin kunyata ɗana gabana." Matan unguwa suka ɗauka, wai na zo daga Jega ina horon tsoho da abincin shekarar fari. Na yi kuka a madafi, na ɗora wa hayaƙi laifi.

Kafin damina ta faɗi, idon hagu ya tafi. Likita ya haska ya haska, ya ce wannan sai haƙuri, a kula da na dama. A mota muna dawowa, da muka kusa gida, Baba ya juyo gare ni.

"Na bari," ya ce.

Kuma ya bari. Duk alhajin da ya sauke katan, sai ya sa masa albarka ya ce a raba wa yaran unguwa. Ya koma cin tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, yana mita wai wake ya ishe shi, amma yana cinyewa. Awon suga ya fara yin kyau. Da hantsi yakan fito da babban bugun Alƙur'ani mai manyan haruffa ya zauna a rana, ya karkata kai yana bi da ido ɗaya. Na fara barci da daddare.

Sai ga wani bawan Allah daga Mungadi. Shi ma tsohon ɗalibi ne, har ya yi furfura, ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Labarin ciwon ne kawai ya kai masa, na hani bai kai ba. Na kawo kwanon abinci bakin zaure daidai lokacin da yake kwance wata baƙar leda a hankali. Kwalba ɗaya ce tak, ta yi zafi da rana.

"Allah shi gahwarta Malam, an ce man jininka ya yi ƙasa. Shi na nic ce bari in kawo ɗan wanga."

Baba ya miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefe. Mutumin ya kama shi da ladabi ya ɗora masa kwalbar a tafi.

Na tsaya da kwano yana ƙona mini yatsu. Ni da na mayar da katan ɗin alhaji, na dubi tsagaggun ƙafafun mutumin nan da ƙurar hanya a rigarsa, bakina ya mutu. Na san kwalba ɗaya ba za ta makantar da Baba yau ba. Na kuma san cikin ɗalibansa irin wannan sun fi alhazai yawa nesa ba kusa ba, kuma duk suna hanya.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, inda ya san ina tsaye, ya neme ni da idon da ya rage masa. Sannan ya mayar wa mutumin kwalbar.

"Buɗe man ita, ɗana," ya ce.