Shirun da Baba Yake Bari

Mahaifina shekara ashirin da takwas ya yi a kan dandamali kafin ƙasarmu ta fi ƙarfinsa. 'Yan kallo Tsawa suke ce masa, don ko babu lasifika, na kujerar ƙarshe sai ya ji shi har cikin haƙori. Da ya fito a matsayin shugaban da ya haramta wa talakawa tari, kwana uku aka yi ana dariya, a na huɗu aka garƙame gidan wasan da kwaɗo. Wani ɗan sanda mai son wasansa ya raɗa masa cewa gara ya san inda zai nufa. Muka tsallake iyaka a bayan motar kaya, ni da shi da Inna, da akwati ɗaya wanda rabinsa gemun roba ne da huluna. Inna ba ta taɓa yafe masa akwatin nan ba.

A inda muka sauka ba wanda ya san shi, yarensu kuma ya ƙi zama a bakinsa. Ya samu aikin guga a wani shagon wanki da ke ƙasan bene. Yakan jera riguna a hanga ya yi musu wasa, wai bai taɓa ganin 'yan kallo masu ladabinsu ba. Daga baya ya fara fitowa a fim: gawa sau huɗu, ɗan dako sau biyu.

"Uwata," yake ce min, "ko gawa iyawa ce. Kin ga na yi numfashi?"

Sai a shekara ta tara aka ba shi rawar da zai buɗe baki, ta wani tsohon tela baƙo mai yawan mita. Idan wannan ta kuɓuce ba wata kuma, don ya riga ya ba wa sittin baya. Ni ce tafintarsa.

Darakta, wata mata mai saurin fushi, ta ce ya faɗi abin da ya ga dama da yarenmu. Baba ya ɗaga wandon da aka kawo masa, ya ce, "Wannan ba gyara yake so ba, jana'iza yake so." Sai ya yi tsit, idonsa a kan wandon. Ɗaya, biyu, uku. Sannan ya ci gaba.

Sau biyar ana sake ɗauka, kowanne da shirun nan. Darakta ta ja ni gefe ta ce tsohon mantuwa yake yi, gobe za ta kira wani.

"Baba, don Allah ka daina tsayawa. Sun ce ka manta."

"Ni da nake riƙe wasan awa uku a ka? Jira nake dariya ta wuce. Ɗan wasan kirki ba ya taka dariyar mutane."

"Ba kowa a nan sai kyamara, Baba."

"Na san inda mutanena suke. Ta bar min ukun nan, ko ta nemi wani."

Na fassara ban rage komai ba, ko da yake taurin kansa ya ɓata min rai. Darakta ta ɗaga kafaɗa ta ce a bar masa.

Da fim ɗin ya fito a nan, shirun ya zo ya wuce ba wanda ya motsa. Bayan wata biyar Gwaggo, ƙanwarsa, ta turo saƙon murya daga gida. Sun fi mutum ashirin suna kallon fim ɗin a kan waya ɗaya, a shagon wani mai aski, ƙofa a rufe. Muka ji Baba ya yi zancen wando, sai dariya ta ɓarke, har wani yana dukan benci. Tana lafawa muryarsa ta ɗora, daidai wa daida, kamar yana tsaye a gabansu.

Ni dai kuka nake. Baba ya ajiye dutsen guga, ya matso da kunnensa.

"Sake kunnawa, Uwata. Akwai wanda dariyarsa ta makara can baya, ina so in gane ko wane ne."