Baba Ja'afaru, Wanda Ya Daki Buhun Gero

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Ja'afaru, ɗan wasan kwaikwayo na Dogon Dutsi, bayan jinyar wata biyu.

Baba, har a wurin zaman makoki na ji ana raɗa, wai ai shi ne mugun nan na fim. To, ni Nazifa, ni ce yarinyar da aka ce ka daka, kuma ni zan wanke sunanka da babbar murya.

Ina da shekara goma sha huɗu na fito a matsayin 'yar aikin da aka kawo daga Sukukutane, kai kuma maigidan da ke zaluntar ta. Mai ba da umarni ya so a nuna ni a ƙasa, riga a yage, ina kuka, wai haka 'yan kallo ke so. Ka ajiye bulala ka ce, "Ba da ni ba. Kunyar ta mugu ce, shi za a nuna." Ka sa aka kai ni waje wurin innata, aka kawo buhun gero. Shi ka daka har gumi ya jiƙa maka riga, kyamara tana kan fuskarka. Ni kuwa ina inuwa ina cin ƙosai.

Ka sha wuyar fuskar nan. 'Yan kabu-kabu suka riƙa wuce ka, wata mai tuwo a kasuwar Tibiri ta kore ka da yunwarka. Ka dawo kana ba mu labari kana dariya.

Jiya mai tuwon ta zo gaisuwa, Sa'adatu sunanta. Ta durƙusa gaban matarka, Inna Ummukulsum, ta ce: "Ɗiyata na aikatau cikin gari, ba ta taɓa hwaɗa min komi ba. Ran da munka kalli wasan, tan nuna shi tac ce, ‘Inna, haka maigidanmu ka yi.’ Washegari na ɗauko abata. Haushin wancan na huce bisa mijinki. Na zo roƙon gahwara, ban iske shi ba."

Ta ajiye kwanon tuwon da ta zo da shi. Mu muka ci a madadinka, Baba, muna kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni. Ya ba Inna Ummukulsum da 'ya'yanka, Dauda da Zalihatu, haƙurin rashinka. Amin.