Usur ɗin Malam Mas'udu

Malam Mas'udu mutumin Mairuwa ne, amma shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da wasanni a wata kwalejin maza da ke gefen wani gari tsakanin Faskari da Sabuwa. Dogo ne siriri, gwiwarsa ta hagu ta lalace tun yana saurayi, in yana sauri sai ka ga kamar lallashin ƙasa yake yi ta bar shi ya wuce.

Yana da wata magana da ɗalibansa duk suka haddace. Yakan ce makarantun Daura da Mani ba fin su iya ƙwallo suka yi ba, sama ce ta fi tausaya masu. A can ƙasar yashi ce, in aka yi ruwa da safe, da la'asar yara suna fili. A nan kudu kuwa damina takan zauna har watan goma, jar ƙasa ta zama taɓo, ciyawa ta kai gwiwa. Su suna atisaye wata goma, nasa yaran da ƙyar suke samun shida, gasar makarantu kuma tana zuwa ne daidai ƙarshen damina. Duk da haka bai taɓa zama ya naɗe hannu ba. Cikin taɓon yake sa su gudu har cinyoyinsu su yi tauri. Akwai shekarar da ruwa ya sauko ranar wasa a Funtua, 'yan arewa suna ta zamewa, nasa yaran suna tafiya kamar a tsakar gidansu. Suka ci uku da nema.

Daga baya damina ta zo da wani abin da ya fi taɓo. In ganye ya rufe daji, dawa da masara suka fi mutum tsayi, 'yan bindiga sukan matso har bakin gari ba wanda ya gan su. Sai garin ya yanke shawara biyu. Ba a shuka abu mai tsayi kusa da gidaje, sai gyaɗa da wake da waken suya. Usur kuma ya zama na 'yan sa-kai kaɗai, in ka ji an ja shi da tsawo, to 'yan bindiga sun iso, kowa ya nemi hanya. Malam Mas'udu ya koma tafa hannu a wurin atisaye. Matarsa Hussaina ta ce ya bar usur ɗin a gida, ya ce aljihunsa ba ya jin daɗi in babu shi.

A daminar da nake ba da labari, Baba Harisu, wanda gonarsa ta haɗa iyaka da ragar gabas ta filin ƙwallon makarantar, ya shuka dawa. Malam ya same shi yana noma.

"Baba, ka manta dokar gari ne?"

"Ban manta ba, Malam. Gonata ta nesa tana hannun waɗancan mutane shekara biyu ke nan. Baki goma sha ɗaya gare ni. Mi kake so in tuƙa masu, ganyen gyaɗa?"

"Yarana suna wasa nan wurin."

"Nawa yaran kuma suna ci nan wurin. Ka ga mun yi maƙwabtaka."

Mai gari ma ya yi magana, amma babu wanda ya iya kallon idon tsohon ya ce ya tuge. Dawar ta tashi. Zuwa watan tara ta tsaya a bayan raga kamar katanga, koriya shar, iska tana ratsa ta tana wani shuu da ba ya yankewa. Malam yakan tsaya da bayansa ga makaranta, fuskarsa ga dawar, rabin idonsa a kan ƙwallo.

Saura mako uku gasa, kuma a ganinsa bai taɓa samun ƙungiya irin ta bana ba. Ginshiƙinta Nasir ne, ɗan ajin ƙarshe, mai cin ƙwallo da ƙafar hagu. Wata Talata bayan la'asar Nasir ya ɗirka wata ƙwallo ta haye raga, ta faɗa can cikin dawa.

"Kai Nasir, shaho kake harbi?" in ji mai tsaron gida. Aka kwashe da dariya.

Tun zamanin da babu tsoro akwai ƙa'ida a filin, Malam da kansa ya kafa ta: wanda ya fitar da ƙwallo shi ke ɗauko ta. Kafin ya buɗe baki Nasir ya kutsa yana dariya, karan dawa ya rufe bayansa.

Aka jira. Dariya ta ragu, sannan ta ɗauke gaba ɗaya.

"Nasir!"

Iska ce kawai ta amsa. Malam ya tafa hannu, ya sake kira, muryarsa ta fashe. Yaran suka fara ja da baya suna haɗuwa a tsakiyar fili, wani yana karanta addu'a a hankali. Malam ya tuna mahaifiyar Nasir, wadda ta tare shi a ƙofar makaranta farkon zango ta ce, "Malam, shi kaɗai ya rage mani namiji." Bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ba. Abin da ya yi shekara da shekaru in yaro ya yi nisa shi ya yi. Ya sa usur a baki ya ja shi da dukan numfashinsa.

Sai da ƙarar ta fita ya gane abin da ya aikata. Daga cikin gari aka amsa da wani usur, sannan wani. Ihun mata ya tashi, ana buga ƙofofi, awaki suna kuka, masu shaguna suna jan ƙyaure. Yaransa suka watse suka nufi azuzuwa. Kafin ya ɗaga hannu ya ce kuskure ne, Salahuddeen shugaban 'yan sa-kai ya ɓullo ta bayan ɗakin karatu da mutum shida, kowa da bindigarsa ƙirar gida.

"Ina suke, Malam? Ta ina?"

"Ba su ba ne! Yarona ne ya..."

"Ga su can!" wani ya ce.

Kan dawar yana kaɗawa a wuri ɗaya, motsin yana matsowa bakin fili a hankali, ƙasa-ƙasa, irin na mai rarrafe. Bindigogi bakwai suka juya can. Malam ya ji an ɗana kunamar bindiga.

Ya ruga. Gwiwar nan da ta ƙi shi shekara talatin ta kai shi har bakin gonar, ya juya ya buɗe hannuwa, bayansa ga dawar, ƙirjinsa ga bindigogi. Bai san ko wane ne ke tahowa a bayansa ba, Nasir ko wanda ya riƙe Nasir. Yana jin karan yana karyewa kusa da dugadugansa.

"Malam, kauce!" in ji Salahuddeen.

"Salahuddeen, ni na koya maka buga ƙwallo a filin nan. Kar ka harba. Don Allah kar ka harba."

Hannu ya kama idon sawunsa. Ya dubi ƙasa. Nasir ne, rigarsa duk laka, babu ƙwallo a hannunsa.

Sai da aka ba Nasir ruwa ya iya magana. Ya ce ya yi nisa kaɗan sai ya tarar da wurin da aka kwantar da kara aka zauna, ga sawun babur, ga guntayen sigari. Yana tsaye ya ji tarin mutum kusa da shi. Ya kwanta rub da ciki, yana jin Malam na kiransa, bai isa ya amsa ba. Da usur ya tashi ya ji gudun ƙafafu sun yi gabas. Salahuddeen ya shiga da mutanensa, suka ga sawun, suka ga sigarin, ba su ga kowa ba. A cikin gari kuwa wata tsohuwa ta faɗi garin gudu ta karye a hannu. Malam ya je ya durƙusa a gabanta ya nemi gafara.

Washegari da hantsi ya tarar da Baba Harisu a bakin gona da adda. Dawar ta fara fitar da kai, ko ido ba ta yi ba.

"Sare ta zan yi, Malam. Jiya ban iya cin tuwo ba."

"In ka sare ta, watan gobe ma ba za ka ci ba, Baba. Aje addar."

"To yaranka fa?"

"Yarana za su jira girbi."

Daga nan ya wuce ofishin shugaban makaranta ya ce a cire sunansu daga gasar bana. Nasir ya biyo shi har ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

"Malam, mu yi atisaye a tsakar azuzuwa mana. Bana ce ta ƙarshe gare ni."

"Wurin da ko tabarma goma ba ya ɗauka? Ku je ku sha kashi, a kan hanyar da ni kaina ba na bi bayan azahar? A'a."

"Kai ka ce mun fi kowa!"

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Je ka aji."

Ba su koma filin ba sai da aka yanke dawa, ƙasa ta buɗe, ido yana kaiwa har bakin daji. A lokacin an gama gasa, wata makaranta daga arewacin jihar ta ɗauki kofi.

Nasir ya gama makaranta bai taɓa buga gasar ba. Yanzu yana gyaran babura a bakin kasuwa, kuma kullum da safe hanyarsa tana bi ta ƙofar gidan Malam Mas'udu. Yakan ce "Malam, ina kwana," a taƙaice, ba ya tsayawa, ba ya murmushi. Malam yakan amsa daga kan bencinsa, ya bi shi da ido har ya sha kwana.