Baba Zartsi

Yaran gidan ne suka laƙaba masa Baba Zartsi, manya kuwa suka yi kamar ba su ji ba, har sunan ya zauna.

Direban tirela ne, ya tsufa a kan titi. Duk dawowarsa gida sai ya tarar da matarsa da matan 'yan'uwansa sun jera jarkoki a ƙofar maƙwabta suna jiran alfarmar ruwa. Gidan gado ne, su uku: Yayansu, shi, da Auta, kowa da sashensa. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi, sai ya sayar da filinsa guda ɗaya tilo ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida, ya ɗora tanki, ya sa aka ja bututu zuwa kowane sashe.

Ranar da ruwa ya fara zuba, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka fitar da mu kunya, ƙanena."

Shekara ba ta zagayo ba aka gane ruwan na zartsi ne. Sabulu ya ƙi kumfa. Fararen kaya suka koma kamar an wanke su da toka. Gindin kowace tukunya ya yi farin ɓawo, kan shawa ya toshe sai huda biyu ko uku ke tsartuwa, ɗaya ma bango take feshewa. Daga nan kowane famfo a gidan ya zama nasa.

"Je ka gaya wa Baffanku famfonsa ya toshe," in ji matar Yaya ga ɗanta, da ƙarfi yadda Baba Zartsi zai ji.

Yakan zo da sifana da tsumma. Ya kwance kan famfo, ya jiƙa shi a ruwan lemun tsami, ya zauna bakin rariya yana tsokale hudojin da allura, ido a kanne. Yatsunsa suka tsattsage. Idan ruwa ya dawo, ba sannu ba na gode, sai dai a ce, "To, mu ga kwana nawa zai yi."

Mai gyaran famfo ya ce masa akwai na'urar da ake haɗawa da tanki ta rage zartsin, amma ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Baba Zartsi ya tara 'yan'uwansa a zaure ya faɗa musu. Auta ya ce zai duba, bai kuwa taɓa dubawa ba. Yaya ya gyara zama ya ce, "Kowa ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Da ka shawarce mu kafin ka haƙa?"

Ai kuwa ya shawarce shi. Yaya ne ma ya nuna wurin da sandarsa. Amma Yaya babba ne, sai Baba Zartsi ya haɗiye maganar.

Ana nan ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya, aka ce tsakuwa ce. Likita bai ce ruwan ne ya jawo ba. Matar Yaya ce ta faɗa, a asibiti, a gaban 'yan dubiya. Ta zo da murfin buta ta riƙa nuna musu farin ɓawon tana cewa, "Ku dubi abin da ya yi wa ƙarfe, ina ga cikin mutum?" Baba Zartsi na tsaye bakin ƙofa da ledar ayaba a hannu. Ya ajiye ta kan kujera ya fita.

Bayan an sallami Yaya, babban ɗansa da ke aiki a wani gari ya zo, ya sa aka jawo musu ruwan gwamnati. Sabon bututun ya shiga sashen Yaya, ya zagaya ya shiga na Auta, ya tsaya a jikin bangon Baba Zartsi.

"Baffa, kai kana da naka, kada mu yi maka shisshigi," in ji yaron, yana murmushi.

Ma'aikatan suka yanke tsofaffin bututan suka zubar a ƙofar ɗakin Baba Zartsi. Ya ɗauki guda ya leƙa. Hudar ta tsuke, da ƙyar tsinke zai wuce.

Duk da haka, ranar da ruwan gwamnati ya ɗauke, sai ga bokitai a famfonsa. "Na wanke bayi ne, ba na sha ba," haka ake faɗa, ba a ko kallonsa. Shi ke kunna musu injin.

Matarsa kaɗai ba ta taɓa cewa uffan ba. Da ruwan rijiyar take girki, da shi take wanka, har gashinta ya kakkarye. Wata safiya ta kawo masa shayi, ya kurɓa, ya ji shi garau, babu wannan ɗanɗanon da ke kama harshe. Ya waiga ya hango sabuwar jarka an tura ta bayan ƙofa, an rufa mata zane.

"Daga ina?" ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai. "Matar Auta ce ta ce in riƙa ɗiba. Malam, ni ma ina tsoron ƙodarka."

Ya daɗe riƙe da kofin har shayin ya huce, sannan ya shanye.