Mama Thulisile, mun haye kogin Thukela

Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran Mama Thulisile Mthiyane a wani asibiti a Johannesburg, nesa da garinta Eshowe. Labarin ya same ni a tsaye.

Mama, na zo ajinki na masu koyon Zulanci a Durban cikin Disamba, lokacin zafi a ƙasarmu, da furfurata, Bazule mai sunan Zulu wanda ko gaisuwa bai iya ba. A hannun Turawan da mahaifiyata ta yi wa aiki na tashi. 'Yan ajin masu yawon buɗe ido ne da likitoci. Ni kuwa mahaifina ne ya mutu a mahaƙar zinariya, kuma ba wanda ya je da reshen ƙaya ya ɗauko kurwarsa zuwa gida kamar yadda ake yi a al'adar Zulu. Mai ɗauke da reshen shi ke faɗa wa mamaci duk inda aka kai, don kada ya ɓata a hanya. Baba kuwa bai taɓa jin Turanci ba.

Ba ki raga mini ba. "Kai Bhekani, buɗe baki! Da wannan raɗar za ka kira ubanka? Ko akuya ba za ta biyo ka ba." Amma in an tashi, sai ki zaunar da ni a inuwa, ki raba mini ɗanyar masararki, ki koya mini abin da babu a darasi: tashi mu tafi, mun shiga mota, ga gada, kada ka tsaya a baya. Da waɗannan na kai Baba gida.

Jiya ɗanki Sibonelo ya same ni a ƙofar asibitin, reshe a hannunsa. Makarantun Turawa kika tura shi don ya huta da wahalar da kika sha. Ya ce, "Kawu, ta koya wa duniya, ni ban tsaya na koya ba. Da Turanci zan kira ta?"

Muka shiga mota zuwa Eshowe, muka bar wa kurwarki kujera tsakaninmu. Ina faɗa, yana maimaitawa, harshensa na tuntuɓe. A bakin gadar Thukela ya koma raɗa, direba ya rage gudu. Na ji tsoro ƙwarai kada mu bar ki a wancan ƙetaren. Na ce masa ya buɗe baki. Ya buɗe, Mama, har na bayan mota suka ji.

Ina yi wa Sibonelo da dangin Mthiyane da ɗalibanki ta'aziyya. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya ba su haƙuri. Mun iso, Mama. Ga ƙofar gidanki, shiga.