Muryar da manhajarmu ta goge a Fegge

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku, dukkanmu masu gwajin manhaja. Kamfaninmu ya yi wata manhajar waya da fatake za su riƙa bin sawun kayansu a hanya, aka tura mu Kudu mu ga yadda take aiki a hannun mutanenmu na can. Ramukan hanyar Lokoja sai da suka gwada ƙugunmu kafin mu gwada komai.

A Kasuwar Artisan ta Inugu, masu albasa suka tarbe mu da okpa, alalar gurjiya, mai zafi. Komai ya tafi daidai, har muka fara jin kanmu.

Washegari muka shiga Anacha. A unguwar Fegge aka haɗa mu da wani dattijo mai sayar da wake, wanda ya dawo garin bayan yaƙin basasa, zamanin da kuɗin mai ke yawo. Wayarsa a cike take, sai manhajar ta tambaya ko ta share tsofaffin abubuwa don ta sami wuri. Yatsansa ya tsaya. Ya dube ni, ya sake duban wayar. Ni kuwa hankalina yana kan ko maɓallin zai yi aiki. Ya danna, ya kuwa yi aiki.

Can sai ya shiga lalube. "Ɗana, ina saƙonnin Habibu?"

Habibu ɗansa ne, direban tirela, ya rasu a hatsari bara. Kullum bayan la'asar dattijon yakan zauna ya saurari muryarsa.

Muka hau okada zuwa wurin masu gyaran waya a babbar kasuwa. Suka yi iya yinsu, ba a samo komai ba.

Na durƙusa. "Baba, ka yafe mana."

"Na yafe. Ai na haddace abin da yake faɗa." Ya mai da wayar aljihu. "Muryar ce dai."

A Fatakwal ruwa ya wuni yana zuba. Aka kawo bole, gasasshiyar agada, da kifi, na kasa ci. Nan na daina zura wa waya ido, na koma kallon hannu da fuska. Duk wanda ya ɗan dakata sai in tambaye shi me ya gani. Ashe da yawansu sun ɗauka abin da aka share yana dawowa.

Muna isa gida muka sa aka cire maɓallin. Yanzu duk sabon da aka kawo mini in koya wa aiki, nakan ce masa, ka kalli mai wayar tukuna. Idan ya dakata, ka dakatar da gwajin.